Tarihin Shaihu Muhammadu Bakatsine, Malamin Hisabi da Ya Karantar a Masar

Duk wanda ya zauna a Amarawa, ko ya saba cin kasuwar Illela ran Lahadi, ya san akwai iyaka tsakaninsa da Birnin Ƙonni, ko da yake babu kogi a wurin, babu ganuwa. Gero iri ɗaya ake shukawa a wannan gefe da wancan, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Abin da ya raba su layi ne kurum, wanda aka fara ja a takarda. A shekarar 1890 Ingila da Faransa suka shirya a kan layi daga Sayi ta bakin Kwara zuwa Barruwa ta bakin tafkin Cadi. A 1898 suka sake shawara, suka ɗauki Sakkwato ta zama tsakiya, suka kewaya ta da baka mai nisan mil 100. A 1904 da 1906 suka sake gyarawa, Ƙonni ta koma wajen Faransa. Sa'an nan daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamomi, guda 148 daga Kwara zuwa Cadi. Galibin iyakar nan miƙaƙƙen layi ne daga wannan alama zuwa waccan.

Saboda haka mutane da yawa suna zaton ilmin jan layi da awo baƙo ne, Turawa suka zo da shi. Al'amarin kuwa ba haka yake ba. Shekara 160 kafin a ja layin farko na iyakar nan, wani malami ya fita daga ƙasar Katsina da ilmin hisabi da awon inuwa da jeren adadi a cikin gidajen hatimi. Ya isa Makka, ya sauka Masar, manyan malaman Alƙahira suka zauna gabansa suna ɗaukar karatu. Ga labarinsa.

Asalinsa da malamansa

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, Bamalike. Larabawa suna rubuta shi al-Fulani al-Kashinawi as-Sudani, watau Bafillace, Bakatsine, mutumin ƙasar Sudan. Suna kuma danganta shi ga Ɗan Ranko, wani gari a kudancin ƙasar Katsina inda Wangarawa suka zauna, a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Ashe ya tashi a inda malami da falke suke zaune ƙofa da ƙofa, inda mai ƙirga ƙwaryar goro da mai raba gado duk hisabi ɗaya suke bukata. Katsina kuwa ta riga ta yi suna wajen ilmi, gama Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun rigaye shi. Ɗan Masani ya rasu a 1667.

Malamansa na gida huɗu ne aka ambata. Akwai Shaihu Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu na Bagarmi, mai littafin Manhajul Farid a kan tauhidi. Akwai Shaihu Hashimu. Akwai Shaihu Muhammadu Fodu, wanda ya lazimta kamar shekara huɗu, a gida da kan hanya, ya karanta masa littattafan adabi da sarfu da nahawu. Tun da fari malamin nan yakan kira shi Mai Muƙamai, domin ya haddace su har kalmominsu suna bakinsa a koyaushe. Da ya ga ya ƙware a nahawu sai ya sake masa suna, ya riƙa kiransa Sibawaihi.

Na huɗun shi ne Shaihu Muhammadu Bindu, kuma a wurinsa ne ya sami abin da ya fitar da sunansa duniya. Ya karanta masa usulu da balaga da manɗiƙi da aƙidun Sanusi, ya saurari Buhari, ya karanta yawancin Muhtasar na Shaihu Halilu. Ban da waɗannan ya ɗauki ilmin haruffa da aufaƙi, watau hatimai, da ilmin hisabi da na miƙati, watau sanin lokatai, bisa hanyar malaman Magrib. Sai mai karatu ya lura, duk wannan karatu a ƙasar Sudan aka yi shi, tun bai ga Masar da ido ba.

Mene ne miƙaƙƙen layi

Ilmin miƙati da ilmin aufaƙi duka a kan abu guda suke tsaye, shi ne miƙaƙƙen layi. Ba za a gane darajar Shaihun ba sai an san ƙa'idodinsa. Malaman Musulmi sun gaji waɗannan ƙa'idodi daga littafin Uƙlidis, wanda ya zauna a Iskandariyya kamar shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. An juya littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, Nasiruddin Ɗusi kuma ya sake tsara shi a 1248. Ana kiran fannin ilmin handasa.

Farkon abu shi ne ɗigo, wanda yake da wuri amma ba shi da tsawo ko faɗi. Sa'an nan layi, wanda yake da tsawo ba faɗi. Tsakanin ɗigo biyu ana iya jan karkatattun layuka ba iyaka, amma miƙaƙƙe guda ɗaya tak ne, shi ne kuma mafi gajarta duka. Don haka magini yakan kafa turke biyu ya ɗame igiya tsakaninsu, ba ya bukatar na uku. Don haka kuma alama biyu ta ishi masu shata iyaka su san inda ta bi, ko da tsakaninsu daji ne.

Miƙaƙƙun layuka biyu ba su haɗuwa sai a ɗigo ɗaya. In sun haɗu sun rabu ke nan har abada, kuma tsakaninsu sai daɗa buɗewa yake yi. Buɗewar nan ita ce kusurwa. Idan layi ya tsaya a kan wani layi har kusurwar dama da ta hagu suka zama daidai, kowace sunanta kusurwa tsayayya, darajarta 90, kamar yadda bango mai kyau yake tsaye a kan daɓe. Idan kuwa layuka biyu suna kan shimfiɗa ɗaya, ba su haɗuwa kome nisan da aka ja su, su ne Larabawa ke kira mutawaziyai, kamar sahu biyu na masallata ko kunya biyu a gonar gwani.

Akwai dabara biyu da mai gini zai gwada aikinsa da su. Ta ɗaya, ya auna kamu 3 a bango ɗaya daga lungu, kamu 4 a ɗaya bangon. In tsakanin alamun biyu ya zama kamu 5 cif, lungun ya tsaya daidai. Ta biyu, a ɗakin da bangayensa masu fuskantar juna suke da tsawo ɗaya, ya ja igiya daga lungu zuwa lungun da ke fuskantarsa, sa'an nan ya gwada ɗaya ɓangaren. In igiyoyin biyu sun zo ɗaya, ɗakin bai karkace ba. Kuskure kuwa a farkon layi ƙanƙane ne, a ƙarshensa babba. Wanda ya kauce da daraja ɗaya rak, zai kauce kamu ɗaya a cikin kowane kamu 57, a mil ɗaya kuwa ya bar hanya da yadi 30.

Sanda da inuwarta

To, ga yadda ilmin miƙati yake cin wannan. Mai sanin lokaci yakan share wuri ya daidaita shi, ya kafa sanda, ya gwada tsayuwarta da zaren da aka ɗaura wa dutse, gama zare mai nauyi a ƙasa ba ya ƙarya. Sandar layi ce, inuwarta layi ce, tsakaninsu kusurwa tsayayya. Da hantsi inuwa tana da tsawo, tana ta raguwa har ta kai iyakar gajartarta, sa'an nan ta soma ƙaruwa. Wannan somawa ita ce zawali, farkon azahar. Idan abin da ya ƙaru a kan inuwar zawali ya kai tsawon sandar kanta, la'asar ta shiga a mazhabar Maliku. Malaman da suke auna inuwarsu da tafin ƙafa, suna lissafa tsayin mutum ƙafa bakwai, wannan ƙa'ida suke bi.

Inuwar zawali ba ɗaya ba ce a kowane wata, ba kuma ɗaya ba ce a kowane gari. A ƙasar Illela rana takan tsaya bisa kai sak sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, a ranakun nan sanda ba ta da inuwa da tsakar rana. Tsakanin lokatan biyu inuwar zawali tana faɗuwa kudu, sauran shekara tana faɗuwa arewa. Saboda haka wanda ya kwafi jadawalin inuwa na Fas ko na Alƙahira ya yi aiki da shi a Amarawa ba tare da gyara ba, zai yi kuskure, ko da littafin da ya kwafa ingantacce ne.

Da sandar nan kuma ake fitar da jihohi. A kewaya ta da da'ira a ƙasa. Da safe a sa alama inda kan inuwa ya taɓa da'irar yana shiga, da yamma a sa alama inda ya taɓa ta yana fita. Layin da ya haɗa alamun biyu shi ne gabas da yamma, wanda ya tsaya a kansa shi ne kudu da arewa. Malaman falaki suna kiranta da'irar Hindu. Daga Amarawa alƙibla ba gabas sak take ba, ta karkata wajen arewa kamar daraja 18. Irin wannan sani ne Shaihu Muhammadu ya ɗauka a wurin Shaihu Bindu, shi ne kuma guzurin da ya fi amfanar matafiyi a inda babu ladan babu masallaci.

Tafiyarsa gabas

Da ya ƙoshi da karatun gida sai ya yi niyyar hajji. Tafiyar a zamanin ta shekaru ce, ba ta kwanaki ba. Ya ratsa ƙasashe da dama, ya sadu da sarakunansu da malamansu. A wani gari ya zauna wata biyar wurin wani malami yana karanta ilmin ramli, watau bugun ƙasa, da waɗansu littattafan hisabi. Ya kuma rubuta littafi a kan abin da ya same shi a tafiye-tafiyensa. Ya yi hajji a shekarar 1142 ta hijira, daidai da 1730, ya zauna a Makka yana maƙwabtaka da Ɗakin Allah.

A can ya fara wallafa babban littafinsa, Durrul Manzum, a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya gina a kan Sirrul Maktum, littafin da ake dangantawa ga Fahruddin Razi. Ya tsara shi da gabatarwa da maƙasudi biyar da rufewa, ya gama shi a Masar cikin Rajab na 1146, watau ƙarshen 1733. Kafin wannan, a 1145, ya gama Bahjatul Afaƙ a kan ilmin haruffa da aufaƙi. Yana da waƙe a kan manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wanda ya yi wa sharhi da kansa, da littafin nahawu mai suna Bulugul Arab.

Ba a ɓoye ba, malamai sun daɗe suna saɓani a kan ɗalasimai da duban taurari. Ibnu Haldun ya soke su a cikin Muƙaddima, waɗansu kuwa sun yi aiki da su. Hukuncin wannan na malaman fiƙihu ne. Amma a cikin aikin Shaihun akwai sashen da ba mai gardama a kansa, gama kowa yana iya gwada shi da alli a kan allo, shi ne hisabin da hatimi yake tsaye a kansa.

Hisabin hatimi

Hatimi mai gida tara kowane almajiri ya san shi. Ana ja masa miƙaƙƙun layuka takwas, huɗu a kwance mutawaziyai, huɗu a tsaye sun gitta su a kan kusurwa tsayayya. A cikin gidajen ana zuba adadi daga 1 zuwa 9, ba a maimaita ko ɗaya. Daga dama zuwa hagu, sahun sama 2, 9, 4. Na tsakiya 7, 5, 3. Na ƙasa 6, 1, 8. Adadin da ke lunguna huɗu, watau 2 da 4 da 6 da 8, su ne ba da dal da wau da ha a hisabin abajada, shi ya sa ake ce masa Buduhu. Kowane sahu a kwance jimlarsa 15, kowane sahu a tsaye 15, sahu biyun da suka ratsa daga lungu zuwa lungu su ma 15. Sahun da ake tarawa takwas ne, daidai da yawan layukan da aka ja. Haka yake a kowane hatimi: mai gida 25 layinsa 12, sahunsa 12, mai gida 49 layinsa 16, sahunsa 16.

Me ya sa 15, me kuma ya sa 5 take tsakiya? Ba zaɓin marubuci ba ne, layukan ne suka tilasta. In aka tara 1 zuwa 9 za a sami 45, a raba wa sahu uku, kowane ya sami 15. Sa'an nan sahu huɗu ne suke bi ta gidan tsakiya: na kwance, na tsaye, da masu ratsawa biyu. Jimlarsu 60. A cikin wannan 60 an ƙirga kowane gidan gefe sau ɗaya, gidan tsakiya kuwa sau huɗu. Ashe rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ita ce gidan tsakiya sau uku. A raba 15 uku, 5 ta fito. Duk wanda ya ga hatimin 1 zuwa 9 da wani adadi a tsakiya ba 5 ba, ya tabbata mai kwafa ya yi kuskure. Kamanninsa takwas da ake gani a littattafai kuwa duk guda ɗaya ne, juya shi aka yi ko aka kifa shi.

Jimlar sahu a kowane hatimi tana da ƙa'ida. A ƙara 1 a kan yawan gidaje, a buga da yawan gidajen sahu ɗaya, a raba biyu. Mai gida 16 ya ba da 34, mai gida 25 ya ba da 65, mai gida 49 ya ba da 175, mai gida 81 ya ba da 369.

Abin da masana hisabi suka fi yabawa a aikin Shaihun shi ne hanyoyin da ya tattara na cika hatimin da sahunsa mara ne, watau mai uku, mai biyar, mai bakwai, har abin da ya yi sama, ba tare da lalube ba. Ga wata hanya sananniya a wurin malaman wannan fanni, mai karatu ya gwada. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa gida ɗaya dama, ana zuba 2, 3, da sauransu. In tafiya ta fita ta ƙasa, a shigo ta sama a sahun da ya kamata a sauka. In ta fita ta dama, a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar bakinta ya sadu da baki. In an tarar gida a cike, a koma kan adadin da aka rubuta na ƙarshe, a sauka gida biyu ƙasa sak, a ci gaba. Wanda ya bi wannan a gida tara, Buduhu zai fito masa. Wanda ya bi shi a gida 25 zai sami, daga dama zuwa hagu: 3, 20, 7, 24, 11, sai 16, 8, 25, 12, 4, sai 9, 21, 13, 5, 17, sai 22, 14, 1, 18, 10, sai 15, 2, 19, 6, 23. Kowane sahu 65.

A nan ne bambancin mai kwafa da mai ƙa'ida yake bayyana. Mai kwafa, in gara ta ci gida ɗaya a takardarsa, ko tawada ta malale, ya tsaya ke nan. In kuwa wanda ya kwafa a wurinsa ya yi kuskure, zai miƙa kuskuren ga almajiransa da zuciya ɗaya. Mai ƙa'ida kuwa, ko takardar ta ƙone ƙurmus, yana iya tayar da ita daga kansa, ya kuma nuna wa mai gardama dalili. Haka yake ga falken da ya san yadda ake fitar da lissafi da wanda ya haddace jimla kawai. Fannin kuwa yana da zurfi: Frenicle na Faransa ya ƙirga hatimai masu gida 16 ya sami iri 880, aka buga aikinsa a 1693. Masu gida 25 ba a san yawansu ba sai a 1973, da na'urar kwamfuta ta ƙirga 275,305,224.

Zamansa a Alƙahira

A Alƙahira ya sauka a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda kakanninsa suka zo daga wajen Habasha, babban malamin Hanafiyya, gwanin falaki da handasa. Mai masauki ya zama ɗalibin baƙonsa, ya ɗauki ilmin aufaƙi a wurinsa. Shaihu Ahmad Damanhuri, wanda ya zama Shaihun Azhar a 1768, shi ma yana cikin waɗanda suka karanta a wurinsa.

Domin a san irin mutumin da ya zauna gaban Bakatsinen nan, ga abin da ya faru bayansa. Wajen 1749 aka naɗa Ahmad Basha gwamnan Masar, mutum mai son ilmin lissafi. Ya tambayi manyan malaman Azhar a kan fannin bai sami abin da yake nema ba, sai aka nuna masa Shaihu Hasan. Ya yi karatu a wurinsa, har ya sassaƙa agogon rana a kan marmara, aka kafa ɗaya a masallacin Azhar. Daga baya kuma, da ma'aunan kasuwannin Alƙahira suka lalace, haƙƙin mutane yana salwanta, Shaihu Hasan ya tara maƙera ya gyara su, ya rubuta littafi a kan mizani. Ma'aunin nan kuwa miƙaƙƙen ƙarfe ne da aka raba tsawonsa da alamomi. In rabon ya kauce, mai saye ko mai sayarwa ɗaya ya cutu.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Shaihu Muhammadu bai komo gida ba. Ya rasu a gidan Shaihu Hasan a 1154, daidai da 1741, bayan ya sa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirina, a wurin da ake kira Bustanul Ulama, ya gina kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kai. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1754, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta.

Ɗan mai masaukin, Abdurrahman al-Jabarti, an haife shi bayan rasuwar baƙon, bai gan shi ba. Amma ya tashi a gidan da littattafansa suke, da ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya sa tarihin Shaihun a cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Ta wannan hanya sunayen malamansa na ƙasar Sudan suka tsira. An buga Durrul Manzum a Alƙahira, akwai kuma kwafin rubutun hannu na aikinsa a kan aufaƙi a Landan. A 1967 Malam Hasan Gwarzo ya yi rubutu a kansa a mujallar Jami'ar Ibadan, a 1973 Claudia Zaslavsky ta Amurka ta bayyana hanyoyinsa a littafinta na lissafin mutanen Afirka, masana na ƙasashe suka san shi.

Abin lura a tarihin nan shi ne, ilmin da ya ɗaukaka shi a Masar daga gida ya tafi da shi, daga zauren malamai irin waɗanda ke zaune yau a Katsina da Sakkwato da Ƙonni. Littattafansa sun zauna inda aka san darajarsu, gida kuwa hatimi ya yawaita, masu sanin ƙa'idarsa suka ƙaranta. Kayan aikin fannin ba su da tsada: sanda, da igiya, da zare mai dutse, da allo. Malamin da ya zaunar da almajiransa a Amarawa ya nuna musu dalilin da ya sa 5 take tsakiyar Buduhu, ko ya fita da su fili suka fitar da gabas da inuwar sanda, ya raya abin da Shaihu Bindu ya ba ɗalibinsa kusan shekara 300 da suka wuce.

Allah ya jiƙan Shaihu Muhammadu Bakatsine, ya jiƙan malamansa da mai masaukinsa, ya amfanar da na baya da abin da suka bari. Amin.